Ƙofa Uku, Ɗaki Ɗaya

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gama yafe wa boko wata yaudara da ya yi mata ba. Ranar da labari ya isa gida cewa ɗanta ya zama dakta, sai ta sa aka dama fura aka kai wa maƙwabta, ta kuma shaida wa duk wanda ya zo barka cewa daga yau unguwarmu ta huta da bin layin asibiti. Da na je hutu na tarar da dattawa uku a zaure suna jirana, kowanne da ƙullin takardun magani, ɗaya ma har ya warware rawani zai nuna mini wani ƙari da ya fito masa a wuya. Da kyar na fahimtar da su cewa ni daktan adabi ne, aikina waƙa da tatsuniya da karin magana. Bayan sun watse ta dube ni ta ce, "Ashe duk shekarun nan Gizo da Ƙoƙi kake karantawa?" Tun daga ranar danginmu suke bin boko bashin likita guda, na gaske, mai allura.

Saboda haka da Yayata ta bugo mini waya daga Badun a daminar 2023, ta ce ɗiyarta ta biyu ta ci jarrabawar JAMB, kuma karatun likita ta zaɓa a jami'ar da nake koyarwa, na ji a muryarta cewa amana ce take ɗora mini. Na gaya mata gaskiya, cewa malamin Hausa a jami'ar ƙasar Yarbawa ba shi da ta cewa a Tsangayar Likitanci, ko maigadin ƙofarsu bai san fuskata ba. Ta ce ta ji, amma dai in sauke yarinyar a gidana, in raka ta ranar jarrabawar tantancewa. Na ce wannan kam zan iya.

Ya kamata mai karatu ya san wace ce yarinyar nan, domin labarin duk a kanta ya rataya. A Sabo ta Badun aka haife ta, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Mahaifinta ɗan goro ne, shi ma haihuwar Sabo. Kakanta ne ya biyo shanu daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja tun kafin a ba mu mulkin kai, ya zauna, ya yi aure, aka binne shi a can. Yarinyar tana jin Yarbanci kamar jakin Kano da kaya, ta fi son amala da miyar ewedu a kan tuwon dawa, kuma sau ɗaya tak ta taɓa zuwa ƙauyen kakan nata, lokacin da aka kai ta karɓo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. A takardar nan an rubuta cewa ita 'yar Jihar Jigawa ce, jihar da ba a ƙirƙiro ta ba sai a 1991, shekaru masu yawa bayan kakanta ya bar ƙasar.

Ranar jarrabawa muka yi sammako, sai muka tarar an kasa ɗaliban kashi-kashi saboda kwamfutocin ba za su ishe su a zama ɗaya ba, kuma nata kashin sai ƙarfe biyu na rana. Muka sami wani benci a gindin mangwaro, na fito da takardun ɗalibaina ina dubawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa cewa ni malami ne a nan. Ba a jima ba wasu yara uku suka zo suka raɓa inuwar. Da Turanci da buroka suka yi hirarsu, ni ne na mayar da ita Hausa gwargwadon abin da na riƙe, domin tun da suka fara na daina ganin abin da ke cikin takardun da ke hannuna.

Na farko saurayi ne daga Ijabu, mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ta biyu budurwa ce Ibo daga wani gari kusa da Anaca, ta ɗan girme su, fuskarta ba walwala. Na ukun wani siririn yaro ne daga wani ƙauye na ƙasar Argungu, wanda shekaranjiya ne ya fara ƙetare kogin Kwara a gadar Jaba. Wani ɗan bautar ƙasa Bayarabe da ya koya musu Fizis a makarantarsu ne ya zuga shi ya nemi wannan jami'a, kuma a gidan iyayensa ya sauka.

Kamar yadda manoma ke fara hira da ruwan sama, su da maki suka fara. Kowa ya faɗi abin da ya samu cikin 400. 'Yar Anaca tana da 298, ɗan Ijabu 281, tawa 276, ɗan Argungu 254. Da ya faɗi nasa, 'yar Anaca ta yi wani murmushi wanda ya fi kuka ciwo, ta ce, "Kai ai ka riga ka shiga. Ni wannan ne zuwana na uku. Ku 'yan Arewa ko sunanku kawai kuka rubuta an ba ku."

A nan sai na ɗan dakatar da hirar in bayyana abin da take nufi, don waɗanda ba su taɓa bin wannan layi ba. Jami'o'in tarayya ƙofa uku suke buɗe wa mai neman shiga. Kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne zalla, wanda ya fi maki shi ke gaba, ko daga ina ya fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Sauran kashi 20 kuwa an ware su ga jihohin da gwamnati ta lasafta cewa an bar su a baya a ilmin boko. Kowace ƙofa da nata tsayin dokin ƙofar, ta cancanta ita ce mafi tsawo. Daɗin daɗawa, karatun likita yana da wani takunkumi da sauran darussa ba su da shi, domin majalisar da ke kula da aikin likitanci a ƙasar nan ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya horarwa, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Mu a sashenmu in ɗalibi ya zo neman Hausa har shimfiɗa muke yi masa. Su kuwa dubbai ne ke turereniya a bakin ɗakin da bai fi ya ci 'yan kaɗan daga cikinsu ba. Yarinyar nan ta Anaca ba ta cikin 'yan kewaye, jiharta kuma ba ta cikin waɗanda aka bari a baya, saboda haka ƙofa ɗaya tak ta rage mata.

Ba ta tsaya nan ba. Ta kawo zancen da duk wanda ya zauna Kudu ya sha ji, wato makin shiga makarantun sakandare na tarayya da aka fitar a 2013, inda aka nemi yaron Anambara ya kawo 139, aka ce yaron Yobe ko 2 ya samu ya wadatar. Ta ce, "Wanda ya shiga da 2, shi ne gobe zai riƙe wuƙa ya fiɗe mutum?"

Na sa ran ɗan Argungu zai fusata, ko kuma ya sunkuyar da kai irin na yaranmu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya bari ta gama, sa'an nan ya ce a makarantarsu bai taɓa ganin madubin duba ƙwayoyin cuta ba sai wanda malami ya zana a allo da alli. Ya ce Fizis na wata goma kawai ya samu a rayuwarsa, watannin da ɗan bautar ƙasar nan ya yi da su, sauran duk shi ya koya wa kansa da tocila bayan an taso daga gona. Kwamfuta kuwa sati biyu kafin JAMB ya fara taɓa ta. Ya ce, "Ban ce na fi ki ba. Amma da a makarantarmu kika yi, da ban san nawa za ki samu ba, kuma da a taku na yi, ke ma ba ki san nawa zan samu ba." Ɗan Ijabu ya tafa hannu ya ce wannan ai lauya ya kamata ya karanta.

Ni da nake gefe na san kowannensu yana da gaskiyarsa, na kuma san tushen abin ya girmi iyayensu. A 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922. An fara horar da ma'aikatan likita a Yaba a 1930, jami'ar Badun ta zo a 1948, babban asibitin koyarwarta a 1957, alhali Zariya ba ta sami tsangayar likitanci ba sai a 1967. Lokacin da Dokta Barau Dikko ya zama likitan farko daga Arewa, ƙasar Yarbawa ta daɗe da sanin 'ya'yanta likitoci. Wanda aka ba ratar shekara sittin a tsere, ba a ce wa na baya rago. To amma akwai abin da mu 'yan Arewa ba mu son faɗa a gaban baƙi, ni kuwa zan faɗa tunda a gida muke. An kafa wannan tsari ne a matsayin sandar da gurgu zai dogara kafin ƙafa ta warke, sai muka ji daɗin sandar muka manta da jinyar ƙafar. Shekara nawa ke nan gwamnonin jihohinmu suna karɓar kaso, amma makarantar su yaron nan ba ta da malamin Fizis? Sa'an nan wa ke shiga ta ƙofar nan ta uku? Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne wanda ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, wanda ba abin da ya haɗa shi da ƙauyen da ke cikin takardarsa sai suna. Ɗan Argungu na gaske, mai tocila, ba kasafai yake kaiwa bakin ƙofar ba ma.

Ɗan Ijabu ne ya kashe wutar, ya tuna wa 'yar Anaca cewa Ebonyi ma tana cikin jihohin nan, ga kuma Bayelsa, saboda haka abin ba na Arewa kaɗai ba ne. Ta ce ta sani, har ma an taɓa ba ta shawara ta sayi takardar asalin Ebonyi, mahaifinta ya ce ba a gidansa ba. Daga nan na fara ganin girman yarinyar.

Hira ta juya ta koma kan abin da ke jiransu in sun shiga. Ɗan Ijabu ya ce yayansa ya gaya masa a shekara ta biyu ake fara kai ɗalibai ɗakin gawa su yanka su ga yadda Allah ya tsara jikin mutum. Ɗan Argungu ya zaro ido ya ce gawar wa? Aka ce masa galibi waɗanda ba a sami danginsu ba ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya ko ana yi musu salla daga baya. Ba wanda ya san amsa. 'Yar Anaca ta ce ita gawa ba ta ba ta tsoro, kakanta wata huɗu ya yi a ɗakin sanyi na asibiti kafin a binne shi, ana jiran babban ɗansa ya zo daga Amurka, a yi wa gida fenti, a tara abin da za a ciyar da gari. Ɗan Argungu ya ce mahaifinsa bayan sallar asuba ya cika, kafin azahar an dawo daga maƙabarta.

Ta ce, "Sai ka ce kuna gaggawar rabuwa da shi."

Ya ce, "A wurinmu gaggawar ita ce girmamawa. Barin mutum a ajiye kamar kifi shi ne wulaƙanci."

Ta ce, "A wurinmu kuwa kaza ake binnewa ranar da ta mutu."

Suka dubi juna, kowa yana mamakin ɗan'uwansa tsakani da Allah, ba da niyyar zagi ba. Ɗan Ijabu ya ce su a gidansu an raba gardama, domin kakansa Musulmi ne, kakarsa Kirista, shi an binne shi a ranar, aka yi addu'ar kwana takwas da anko da makaɗa, ita kuwa ta yi wata biyu tana jiran nata bikin. Ya ce Bayarabe ba ya bari addini ya hana shi cin shinkafar biki. Duk suka yi dariya, har da ni, na ɓoye tawa a bayan takarda.

Daga nan aka shiga gaisuwa. Ɗan Argungu ya ce abin da ya fi ba shi mamaki a gidan da ya sauka shi ne ganin malaminsa, ƙato da gemu, ya kwanta rub da ciki a gaban mahaifinsa. Ɗan Ijabu ya ce shi kuma abin da ke ba shi mamaki da Hausawa shi ne in kana yi wa yaro magana sai ya ƙura wa ƙasa ido kamar wanda ya yi sata. Tawa ta ce ladabi ne, kallon babba cikin ido rashin kunya ne. Ta ƙara da cewa in ka tambayi Bahaushe ya jiki, ko yana gargarar mutuwa zai ce maka da sauƙi, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, mai naƙuda kuma ana son ta cije ta yi shiru. 'Yar Anaca ta ce, "To ta yaya likita zai san inda ke ciwo?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai fiye da zancen maki. Na tuna lokacin da na kai wani tsoho mai sayar da albasa asibiti a garin nan, na tsaya ina tafinta. Ya ce sanyi ke damunsa, likita ya ɗauka mura ce, alhali tsohon yana kewaye-kewaye ne a kan abin da kunya ta hana shi ambata. Sai da na sa aka fitar da ma'aikaciyar jinya daga ɗakin kafin ya yi bayani. Kafin likita ya taɓa majinyaci sai ya saurari labarinsa, labari kuwa kowace al'umma da yadda take ba da shi, da inda take yin shiru, da abin da take sakayawa. A wannan gaɓa ce kaɗai nake ganin aikinmu na adabi ya yi maƙwabtaka da nasu, ko da yake na san Mahaifiyata ba za ta karɓi wannan a matsayin biyan bashi ba. Yaran nan in Allah ya sa sun gama shekara shida, suka yi shekarar koyon aiki, bautar ƙasa za ta iya jefa 'yar Anaca a Gumel, ta jefa ɗan Argungu a Abakaliki. Ba JAMB ba, ba jarrabawar tantancewa ba, babu wadda ke auna ko za su iya jin abin da majinyaci bai faɗa ba.

Ɗan Ijabu dai ya ce shi ba ruwansa da Gumel, yana karɓar takardarsa zai yi abin da suke kira japa, wato ya tsere Ingila ko Kanada, kamar yadda yayan nasa ke shiri. Bai ji kunyar faɗa ba, ba kuma wanda ya ga laifinsa. Na ce a raina, ga mu muna kokawa a kan wa zai shiga ta wace ƙofa, ashe ɗakin yana da taga ta baya wadda ba ta tambayar jihar kowa.

Can sai wayar tawa ta yi ƙara, wata ƙawarta ce, ta amsa da Yarbanci tsantsa har da karin harshen mutanen Badun. Ɗan Ijabu ya buɗe baki ya ce, "Ke ashe tamu ce!" Ta ce haihuwar Sabo ce. 'Yar Anaca ta tambaye ta wace jiha ta cike a takarda. Ta ce Jigawa. Aka yi shiru na ɗan lokaci. 'Yar Anaca ta ce, "Makarantar Badun kika yi, da ɗakin gwaje-gwaje da komai, amma ƙofar su wannan za ki bi?" Ta nuna ɗan Argungu.

Na ga yarinyar ta haɗiye yawu. Ta ce ta je neman takardar jihar da aka haife ta, da ita da mahaifinta, aka tambaye su sunan gidan kakanninsu a garin, aka ce Sabo ba gida ba ce, masauki ne. Ta ce, "A nan an ce ni baƙuwa ce. A Jigawa da na je, yara suka biyo ni suna cewa ga Bayaraba. Ba ni na zaɓi ƙofar ba, ita kaɗai aka bar mini a buɗe." 'Yar Anaca ta daɗe tana kallonta, sa'an nan ta ce 'yan'uwanta da aka haifa a Sabon Garin Kano su ma haka suke, shekara arba'in mahaifinsu yana biyan haraji a Kano amma takardarsu ta Anambara ce. Ta ciro wayarta ta ce tawa ta ba ta lambarta.

Da aka kira kashinsu suka tashi tare. Ɗan Argungu ya dawo da baya ya durƙusa ya ce mini da Hausa, "Baba, a sa mu a addu'a." Ashe tun farko ya gane ni Bahaushe ne, kunya ce ta hana shi magana. Na ce Allah ya ba da sa'a, na kuma ji nauyin cewa sa'ar ɗayansu tana iya zama rashin ɗaya.

A hanyarmu ta komawa gida da yamma ba ta ce komai a kan jarrabawar ba. Sai da muka kusa gida ta ce, "Kawu, in na shiga ita ba ta shiga ba, na ci haƙƙinta?" Na yi mata dogon bayani irin na malamai, na kawo 1859 da 1922, na kawo matan ƙauyukanmu da ke mutuwa wajen haihuwa saboda babu likita mace da za a kai su wurinta. Ta saurara har na gama, ta ce, "Amma ni ban taɓa zama a ƙauyen ba, Kawu." Ban sami abin da zan ƙara ba.

Bayan wata biyu sunaye suka fito. Nata yana ciki. Yayata ta yi guɗa a waya har sai da na janye ta daga kunnena, ta ce yau bashin Inna ya biyu. Ɗan Ijabu an ba shi Kimiyyar Harhaɗa Magunguna, ya ce ita ma tana tafiya Kanada. Ɗan Argungu ya shiga. 'Yar Anaca ba ta shiga ba, an miƙa mata Bayoloji, ta ƙi karɓa, ta ce za ta sake zama karo na huɗu. Ita ce ma ta fara bugo wa tawa waya ta yi mata murna.

Sunayen da aka manna ba su nuna ƙofar da kowa ya bi ba. Makin yarinyar na jarrabawar tantancewa ya yi kyau ƙwarai, yana yiwuwa da aka haɗa shi da na JAMB ta tsallake ta ƙofar farko, yana kuma yiwuwa Jigawa ce ta ɗauke ta. Ina da wani aboki a ofishin ɗaukar ɗalibai wanda muke sallar Juma'a tare, in na tambaye shi ba zai ɗauki minti biyar bai duba mini ba. Sau biyu tana roƙona in tambaya. Na farko na ce mata ya yi tafiya, na biyu na ce na manta.